Gashi ga Mai Cutar da Ba Ta Warkewa: Nazarin Jinyar Rob Burrow

A watan Disambar 2019 likitoci a birnin Leeds na Ingila suka shaida wa Rob Burrow cewa ya kamu da cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda a Birtaniya ake kira MND, a Amurka kuma ALS. Shekarunsa 37 a lokacin, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, autan bai wuce shekara guda ba. Shekara biyu ke nan da ya ajiye wasan zari-ruga, bayan ya buga wa ƙungiyar Leeds Rhinos wasa 492 tsakanin 2001 da 2017, ya kuma ɗauki kofin Super League har sau takwas. Gajere ne, tsawonsa mita 1.65, a wasan da ƙarti majiya ƙarfi ke bangazar juna, kuma abin da ya riƙe shi a fili duk tsawon shekarun nan shi ne zafin nama da taurin rai. An ƙiyasta masa shekara biyu. Ya yi huɗu da rabi, ya rasu ranar 2 ga Yunin 2024 a asibitin Pinderfields da ke Wakefield.

Dalili biyu ya sa jinyarsa ta cancanci nazari ga duk mai aikin gashi, wato jinyar jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da atisaye (physiotherapy), ko mai jinyar wani a gida. Matarsa Lindsey ma'aikaciyar gashi ce a hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ta kuma taɓa duba masu irin wannan cuta a wurin aiki, saboda haka ranar da likita ya ambaci sunan ciwon ita ta san abin da ke tafe. Sannan iyalin sun buɗe wa 'yan jarida ƙofar gidansu, abin da aka saba ɓoyewa a ɗaka ya fito fili: yadda ake ɗaga majinyaci, yadda ake ba shi abinci, yadda jiki ke zubewa wata bayan wata alhali mai jikin yana kallo.

Abin da ke mutuwa

Duk motsin da mutum ya yi da niyya, daga ɗaga yatsa zuwa haɗiyar yawu, saƙo ne da ke bi ta zango biyu. Jijiya ta farko na tasowa daga ƙwaƙwalwa ta gangaro cikin laka, ta biyu ta karɓa daga nan ta kai wa tsoka. Wannan cuta duka biyun take kashewa. Inda ta saman ta fi lalacewa sai gaɓa ta sanƙare ta yi tauri, inda ta ƙasan ce kuma sai tsoka ta rame ta saki, a riƙa ganin tana rawa ita kaɗai a ƙarƙashin fata. Yawanci akan sami duka biyun a jiki ɗaya. Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana ta filla-filla a wajajen 1870, kuma har yau ba a sami maganin da ke tsayar da ita ba. Ƙwayar riluzole, da aka amince da ita a Amurka a 1995, wata biyu zuwa uku take ƙarawa a matsakaicin lissafi. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu kamuwa babu wani a danginsu da ya taɓa yin ta.

Ji ba ya tafiya. Majinyaci na jin zafi da sanyi da ƙaiƙayi da cizon sauro, sai dai hannun da zai kai ya sosa ne babu. Idanu da mafitsara kan tsira har kusan ƙarshe. Hankali ma galibi yana nan, ko da yake kusan rabin masu cutar kan sami ɗan sauyi a tunani ko hali.

Akwai wani abu da jiki ke yi wanda duk shawarar gashi a wannan cuta a kansa ta dogara. Idan jijiya ɗaya ta mutu, zaren tsokar da take motsawa ba ya mutuwa nan take. Jijiyoyin da ke maƙwabtaka da ita sukan yi reshe su karɓe shi, kamar yadda ɗan'uwa ke ɗaukar riƙon marayun ɗan'uwansa ya haɗa da nasa. Gida ya ci gaba da tafiya, na waje bai ga komai ba. To amma masu riƙon su ma mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi ta bar nata da na riƙo. Shi ya sa kafin mutum ya lura hannunsa ya yi rauni, kaso mai yawa na jijiyoyin ya riga ya tafi, waɗanda suka rage kuma suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu.

A nan ta rabu da cututtuka biyun da mutanenmu suka fi sani. Shanyewar ɓarin jiki bugu ɗaya take yi ta tsaya, daga nan ƙwaƙwalwa ta shiga neman sabuwar hanya, kuma yawan atisaye na taimaka mata. Shan inna ma jijiyoyin zango na biyu take ci a cikin laka, su ɗin dai da MND ke ci, amma cikin 'yan kwanaki take gama ɓarnarta ta wuce, abin da ya rage a gina a kansa. Ita wannan ba ta tsayawa. Wanda ya zo mata da tsarin gashin shanyewar ɓarin jiki, na a dage a ƙara har ƙafa ta dawo, zai gajiyar da majinyaci ne a banza, ya kuma sa shi zargin kansa da ragwanci.

Kusan biyu cikin uku na masu cutar daga hannu ko ƙafa take fara musu. Ta Burrow daga baki ta fara: harshe ya yi nauyi, magana ta soma harɗewa. Wannan nau'i, mai farawa daga tsokokin magana da haɗiya, shi ne na kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a bisa al'ada ya fi saurin kai mutum ƙasa.

Tambayar farko: ya motsa jiki ko ya huta?

Ranar 12 ga Janairun 2020, wata guda bayan gano cutar, Burrow ya sa riga mai lamba 7 ya shiga filin Headingley a mintunan ƙarshe na wasan karramawa da aka buga da Bradford Bulls. Ƙafafunsa na aiki a lokacin. Mutum ne da tun yarinta ya san magani ɗaya ga kowane rauni, wato ƙarin atisaye, kuma majinyaci irin wannan shi ne mafi wuyar ba wa shawara, domin abin da ya yi masa rana shekara ashirin shi za a ce ya sassauta.

Shekaru da dama likitoci hana motsa jiki suke yi baki ɗaya, don tsoron kada a ƙarasa jijiyoyin da suka rage. Wannan ma kuskure ne, saboda tsokar da cutar ba ta taɓa ba in aka bar ta zaune za ta rame don rashin aiki, rauni ya hau kan rauni. Binciken da aka yi a kan batun ƙanana ne. A 2001 Drory da abokan aikinsa a Isra'ila sun gwada matsakaicin atisaye na minti 15 sau biyu a rana a kan mutum 25. A 2007 Dal Bello-Haas ta gwada atisayen ƙarfafa tsoka a kan mutum 27 na tsawon wata shida. Duka biyun sun nuna waɗanda suka motsa jiki sun ɗan fi riƙe ayyukansu na yau da kullum, amma da masu tace bincike na Cochrane suka duba su a 2013, sai suka ce adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci. Wani gwaji na 2018 a Amurka, mai mutum 59, ya kwatanta miƙa gaɓoɓi da ƙarfafa tsoka da atisayen juriya, ya tarar duka ukun ba su cutar ba, babu kuma wanda ya rage wa cutar gudu. Ƙa'idar 2016 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a kan haka ta tsaya: a tsara wa majinyaci motsa jiki don gaɓoɓi su ci gaba da lanƙwasuwa, a hana su ƙagewa, a rage sanƙarewa da ciwo. Ba ta yi alkawarin dawo da ƙarfi ba.

A aikace, mai gashi kan auna ƙarfin kowace tsoka da ma'auni na 0 zuwa 5. Wadda ta kai 3, wato tana iya ɗaga gaɓar sama ita kaɗai, ana iya ba ta aiki matsakaici. Wadda ta faɗi ƙasa da haka ba a ɗora mata nauyi, sai dai a taimaka mata ta motsa. Ana guje wa nauyi mai yawa da maimaitawa har sai tsoka ta gaza. Ma'aunin da ya fi kowanne amfani kuwa majinyaci ne ke riƙe da shi: in gajiya ko ciwo ya wuce rabin awa bayan an gama, ko washegari ya kasa abin da ya saba yi, an zarce. Ni a ganina wannan ne ma'auni na gaskiya, domin ƙarfin mai MND na yini ƙididdigagge ne. In ya ƙarar da shi a ɗakin gashi da safe, da rana ba zai iya kai cokali baki ba, kuma ba na jin akwai atisayen da ya kai cin abinci da hannunka daraja.

Ba a rasa masu tambaya ko wasan ne ya jawo masa. An ga cutar ta yi yawa a tsakanin 'yan ƙwallon ƙafa na Italiya a wani bincike na 2005, an kuma ga haka a tsofaffin 'yan zari-rugan Sikotland a binciken jami'ar Glasgow na 2022, ko da yake waɗanda suka kamu ɗin 'yan kaɗan ne. Masu bincike a Sheffield sun nuna a 2021 cewa atisaye mai tsanani na iya ƙara haɗarin ga wanda ƙwayoyin gadonsa suka riga suka karkata can. Shi Burrow bai ɗora wa wasan laifi ba. Ko ma mene ne, wannan magana ce ta abin da ya faru kafin cutar, ba hujjar kwantar da majinyaci a gado ba ce.

Riga cutar isa

Kafin shekara biyu ta cika, murya ta tafi, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, yana kan keken guragu. Amma bai yi shiru ba. An haɗa masa murya ta kwamfuta daga maganganunsa da aka naɗa, da karin harshensa na Yorkshire, yana sarrafa ta da ƙwayar ido a kan allo. Da ita ya karanta wa yara labarin dare a tashar CBeebies ta BBC a Disambar 2022. Wannan aikin masu gyaran magana ne, ba na masu gashi ba, amma darasinsa ya shafi kowa a tawagar: muryar da za a yi amfani da ita bayan shekara biyu, tun tana fita ake adana ta. In aka jira sai an buƙata, an makara.

Haka kayan taimako suke. Takalmin roba mai riƙe idon sawu ana kawo shi ne tun ƙafa ta fara tuntuɓe da bakin tabarma ko dokin ƙofa, ba bayan an faɗi ba. Faɗuwa ga mai wannan cuta ba ƙaramin abu ba ne, domin hannayen da za su tare ƙasa ba su da ƙarfi, kai ne ke sauka, kuma wanda ya karye ya kwanta wata biyu da wuya ya sake tsayawa. Keken guragu ana auna shi tun mutum na tafiya, a zaɓi wanda bayansa ke kwantawa, mai matokarar kai, saboda jikin da zai zauna a ciki nan da wata shida ba wannan ba ne. Wahalar ita ce faɗa. Majinyaci na jin maganar keke a matsayin an sallama shi, dangi kuma su ce ana yi masa mugun fata. Gwanin mai gashi kan gabatar da keken a matsayin abin zuwa nesa, kasuwa ko filin wasan yara, a bar ƙafa ta yi aikin cikin gida.

Daga nan aikin yau da kullum ya koma miƙa gaɓoɓi, kuma hannun wani ne ke yin sa. Kowace gaɓa a kai ta iyakar lanƙwasuwarta a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa talatin, ba fizga, kullum. Wuraren da suka fi saurin ƙagewa su ne kafaɗa, yatsu, bayan gwiwa da agara. Wani zai ce mene ne amfanin miƙa ƙafar da ba za ta sake tafiya ba? Amfanin shi ne agarar da ta ƙage ba ta barin tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, sai tsayar da majinyaci don mayar da shi kujera ya gagara. Yatsun da suka dunƙule ba sa wankuwa, tafin hannu ya yi gumi ya kwaile. Kafaɗar da ta daskare kuwa ko riga aka zo sa masa sai ya yi hawaye. Cutar ita kanta ba ta cin jijiyoyin jin zafi, amma yawancin masu ita suna fama da ciwo, kuma mafi yawansa daga irin waɗannan wurare yake fitowa, wato ciwon da ana iya kauce masa.

Kafaɗa na buƙatar kulawa ta daban. Tsoka ce ke riƙe ƙashin dantse a gurbinsa, in ta rame sai nauyin hannun ya riƙa jan sa ƙasa. Shi ya sa ake tokare hannu da matashi in yana zaune, kuma ba a taɓa jan majinyaci ta hannu ko a cusa hannu a hammatarsa a ɗaga. Wuya ma haka: idan tsokokin ƙeya suka gaza, kai ya faɗo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, kallo da haɗiya da numfashi duk su ƙara wuya. Abin wuyan da ake sa wa wanda ya yi haɗarin mota bai dace ba, ya cika tauri, yana kuma danne maƙogwaro. A Sheffield an ƙera wani na musamman mai suna HeadUp saboda wannan matsala.

Wani shirin BBC na 2022 ya nuna Lindsey tana shiga da mijinta wurin ninƙaya. Ruwa na ɗauke nauyin jiki, sai gaɓar da ba ta motsi a tudu ta ɗan motsa, ɗuminsa kuma ya sassauta sanƙarewa. Sharaɗinsa dai shi ne a lura da numfashi, domin ruwan da ya kai ƙirji yana matse huhu, mai matsalar haɗiya kuma ko ɗan kurɓi ya shiga masa ba zai iya tarin fitar da shi ba.

Ɗauka

Hoton da duniya ta fi sani shi ne na ranar 14 ga Mayun 2023, lokacin da abokinsa Kevin Sinfield ya tura shi a keke tsawon gudun fanfalaki na Leeds, da suka zo ƙarshe ya ciro shi ya rungume, ya tsallaka layi da shi a hannu. Sinfield ɗin ne ya yi gudun fanfalaki bakwai cikin kwana bakwai a Disambar 2020, yana neman tara fam 77,777 don taimaka wa masu wannan cuta, ya tara sama da miliyan biyu. Amma ɗaukar da ba a tafa wa ita ce ta cikin gida. Lindsey ce ke ɗaga shi daga gado zuwa kujera, daga keke zuwa mota, a hannunta, ga yara uku, ga aikinta na asibiti da ba ta ajiye ba. Iyayensa na taimakawa. Rahotannin 2023 sun ce nauyinsa ya sauko zuwa kusan kilo 45.

Wannan sadaukarwa ce da ba mai raina ta, zaɓin iyalin ne kuma. Sai dai ba zan ba wata matar shawarar ta kwaikwaya ba. Lindsey ta koyi ɗaga majinyaci a makaranta, ta san inda za ta sa ƙafa da yadda za ta tokare kai, mijinta kuma ƙaramin jiki gare shi tun asali. Matar da mijinta ke da kilo 80, ba ta taɓa koyo ba, in ta yi haka sau goma a rana, cikin 'yan watanni za a sami majinyata biyu a gida ɗaya. Bayan mai jinya na cikin abin da mai gashi ke karewa. Ya koya mata ta matso da majinyaci jikinta, ta lanƙwasa gwiwa ba ƙugu ba, ta juya da ƙafa ba da gadon baya ba. A sa ɗamara mai faɗi a ƙugun majinyaci a riƙe nan, a yi amfani da allon zamewa tsakanin gado da keke, a ɗaga gadon ya daidaita da kujera. Idan ƙafafu suka daina tokarewa ko kaɗan, lokacin mutum biyu ko na'urar ɗagawa ya yi.

Ramar tasa ma abin lura ce. Masu MND na ƙona abinci fiye da yadda zamansu ke nunawa, ga haɗiya na wuya, kuma an san saurin rama na tafiya da gajeren kwana. Shi ya sa ake kawo maganar bututun abinci ta ciki da wuri, tun ƙarfin huhu bai faɗi ƙasa da rabi ba, domin bayan nan sa shi ya fi haɗari. Mai gashin da ya ga majinyaci na zubewa ya ci gaba da ba shi atisaye ba tare da ya tambayi abin da yake ci ba, ƙara masa rama yake yi.

Numfashi da tari

Yawancin masu wannan cuta gazawar numfashi ce ajalinsu, sau da yawa tare da ciwon huhu. Huhun lafiyarsa ƙalau, tsokokin da ke buɗe shi ne suka gaza, musamman shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Alamun farko da dare suke zuwa, kuma ba su yi kama da ciwon ƙirji ba: mutum ya kasa kwanciya rigingine, ya riƙa farkawa, ya tashi da ciwon kai da safe, ya yini yana gyangyaɗi, abinci ya fita ransa. Duk wata biyu zuwa uku ake son a auna ƙarfin numfashi, a zaune da kuma a kwance, saboda bambancin da ke tsakanin biyun shi ke tona raunin waccan tsoka.

A wannan mataki ne aikin mai gashi ya fi kusa da ceton rai, kuma tari ne fagensa. Tari mataki uku ne: a ja iska mai yawa, a rufe maƙogwaro, a matse ciki a sake ta da ƙarfi. Cutar na iya lalata kowanne. Ana auna shi da ƙaramin bututun nan na masu asma. In ya sauko ƙasa da lita 270 a minti, lokacin fara taimako ya yi, domin ranar da mura ta zo zai ƙara faɗuwa. Ƙasa da 160 kuwa tari ba ya fitar da kaki ko kaɗan. Taimakon farko shi ne tara numfashi: da jakar Ambu, wato jakar hura iska da ake matsawa da hannu, mai bawul ɗin da ba ya barin iska ta dawo, a tura iska sau biyu ko uku a jere ba tare da ya fitar ba, har ƙirji ya cika fiye da yadda zai iya da kansa, sannan ya yi tari. Na biyu shi ne mai jinya ya sa hannu a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ya danna ciki da sama daidai lokacin tarin, ba bayan an ci abinci ba. Idan waɗannan suka gaza akwai na'urar da ke hura iska ta kuma zuƙe ta nan take.

Sai na'urar taimakon numfashi ta takunkumi, wadda ake sawa da dare. Gwajin da Bourke da abokan aikinsa suka yi a Newcastle, aka buga a 2006, ya nuna ta ƙara kwana 205 a matsakaici ga waɗanda bakinsu da maƙogwaronsu ke da sauran ƙarfi, wato fiye da abin da riluzole ke bayarwa. Ga waɗanda cutar ta ci bakinsu sosai, barci ya gyaru amma kwana bai ƙaru ba. Nan ne nau'in da ya kama Burrow ke da wuyar sha'ani. Leɓe ba ya kama bututu, maƙogwaro ba ya rufuwa a tara iska, wani lokaci ma in na'ura ta hura sai ya shaƙe. Yawu na taruwa, ba don ya ƙaru ba sai don ba a haɗiye shi, ya gangara huhu. A irin wannan hali zama a miƙe lokacin cin abinci da bayansa, ɗan sunkuyar da haɓa wajen haɗiya, kaurara abin sha, tsabtar baki, injin zuƙe yawu da magungunan rage shi sun fi kowane atisaye muhimmanci.

Kuskure ɗaya ya kamata kowane ɗan'uwan majinyaci ya sani, domin kyakkyawar niyya ce ke jawo shi. In aka ga mutum na haki, abin da ke zuwa a rai shi ne a sa masa oksijin. Matsalar mai MND ba ƙarancin oksijin kaɗai ba ce, gurɓatacciyar iskar da ya kasa fitarwa ce ke taruwa a jininsa. Oksijin zalla ba tare da na'urar da ke tura numfashi ba na iya rage masa ƙoƙarin numfashin, ya yi luf, a ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali suma ce ke shigowa. A Birtaniya har kati ake ba su su riƙe saboda ma'aikatan gaggawa su sani.

Shekara huɗu da rabi

Ba daidai ba ne a ce gashi ne ya ninka wa Burrow kwanakin da aka ƙiyasta masa. Ƙuruciya na cikin abubuwan da ke tafiya da tsawon kwana a wannan cuta, kuma gudunta ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum: ɗan wasan baseball na Amurka Lou Gehrig shekara biyu ya yi bayan an gano tasa a 1939, masanin kimiyya na Birtaniya Stephen Hawking ya yi sama da hamsin. Abin da bincike ya nuna shi ne tasirin tawaga. A Ayaland, a 2003, an tarar waɗanda ake dubawa a asibitin da likitan jijiya da mai gashi da mai gyaran magana da masanin abinci da likitan huhu ke zama wuri ɗaya sun fi sauran daɗewa da kusan wata bakwai da rabi. Wannan tunani ne ya sa Burrow da likitarsa Agam Jung suka nemi a gina cibiya ta musamman a asibitin Seacroft na Leeds, kan fam miliyan 6.8. An fara haƙa harsashinta washegarin rasuwarsa.

Cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tun 1974 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka buga nazari a kan 'yan Najeriya 92 masu ita. Wanda ta kama a Kano ko Maraɗi yau, zai fi yiwuwa ya fara zagaye wajen masu maganin sammu ko a riƙa yi masa gashin shanyewar ɓarin jiki kafin ya haɗu da likitan jijiya. Kwamfutar ido da na'urar tari sun fi ƙarfin yawancin gidaje, na'urar numfashi kuma ba ta da amfani a daren da babu wuta sai an haɗa ta da batir ko sola. Amma miƙa gaɓoɓi, tokare kafaɗa, ɗaga kan gado, juya majinyaci a kan kari, danna ciki lokacin tari, allon haruffa da zai riƙa nunawa da ido, duk hannu da koyarwa suke buƙata. Jakar Ambu ana samun ta a shagunan kayan asibiti. Gidajenmu kuma ba su rasa hannaye, sai dai jinyar kan taru a kan mace ɗaya, saura su zo dubiya su tafi. Idan dangi suka ce, "Likita, a ƙara masa kwanakin gashi," abin da ya fi shi ne a ce su turo mutum uku daga gida ranar zama na gaba, har da namiji mai ƙarfi, a koya musu a gaban majinyacin, shi kuma a tambaye shi inda hannunsu ke yi masa ciwo.